Gwaggo Tabawa da Hannun Ɗan Fari

Shekara arba'in da biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina. Wallahi har yau in na ga yaro ya faɗi, ita ke fara faɗo mini a rai.

Lokacin Nasara bai shigo Katsina ba. Muna Ruma, mahaifina ne maɗorin gari, kuma ƙarti ya saba ɗorawa: wanda sa ya tunkuya, wanda ya zamo daga rumbu. Ina ɗan shekara shida na faɗo daga tsamiya, hannun dama ya karye. Baba ya ja shi da ƙarfi, ya jera kara, ya ɗaure tamau yadda yake yi wa manya. To ni ɗan fari ne. Ko sunana ba ya kira, balle ya tambaye ni yaya nake ji. Inna ma kunya ta hana ta leƙowa. Ni kuma an ce namiji ba ya raki, sai na yi gum.

Washegari da hantsi Gwaggo ta iso daga Yasore. Ta durƙusa daidai tsayina, ta miƙo mini goriba, ta ce in karɓa da hannun nan. Ina! Yatsun sun kumbura, sun yi sanyi ƙalau, sun ƙi motsi.

"Yaya, kwance ɗorin nan yanzu, kar hannun ya mutu."

"Ke Tabawa, ni za ki koya wa ɗori?"

"Ƙashin yaro ɗanye ne, ba ya son ja. Hannun nawa yake da za a shaƙe shi haka? Babba ne ke cewa ya matse. Yaro in ya yi shiru, tsoro ne."

Baba ya juya mata baya. Ta ɗauko wuƙa ta yanke igiyar da kanta, ta sake ɗaurewa sako-sako. Sai a nan na ɓarke da kuka, ta bar ni na yi ya ishe ni. Baba bai ƙara yi mata magana ba sai bayan kaka. Hannu dai ya rayu, ƙaramin yatsa ne kawai ya ƙage.

Yanzu ga asibiti. Rannan na ga malamin asibitin ya raba ƙwayar magani gida biyu don jikata, saboda ƙanƙantarta, na ce da Gwaggo na raye da ta ji daɗin wannan. Amma uwar kawai ya yi ta tambaya, bai ko dubi yarinyar ba. Kai, da ya sha faɗa!

Ban taɓa yi mata godiya ba, kuma abin na cina. Ba ta haihu ba, ba ta bar gona ba. Amma ranar da ɗana na fari ya ƙone da kunu, na durƙusa gaban jama'a na kira sunansa, na ce ya nuna mini wurin. An yi ta yi da ni har kasuwar Safana, wai ba ni da kunya. Ita kaɗai na so ta gani. Allah ya jiƙan ki, Gwaggo.