Haƙoran da Aka Ɓoye wa Ƙadangare

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta Kirsimetin da na yi a gidan yayana a Samaru Kataf ba. Ni malamar firamare ce a Kafanchan, na saba ganin bakin yara, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba.

Yayana yana da 'ya mai shekara goma sha ɗaya, surutu kamar rediyo. Na iso na tarar da ita shiru, hannu a kan baki. Na miƙa mata cincin, ta girgiza kai.

"Mama, me ya sami akun namu?" na tambayi mahaifiyarmu.

"Famfara take yi," ta ce tana dariya. "Na ce ta rufe baki, kar ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ya ƙi fitowa."

Haka aka rene mu duka, mu jefa haƙori kan rufi mu kama baki. Har na fara dariya, sai na tuna wani abu. Yarinyar nan ta yi famfarar gaba tun tana aji biyu, da idona na ga sababbin sun fito.

Na ja ta bayan rumbu na ce ta buɗe in gani.

"Anti, ga ƙadangare can a katanga."

Na kore shi da takalmi, sannan ta buɗe.

Wayyo Yesu! Wari ne ya fara buguna. Dasashi ya kumbura ja wur, ga jini ga mugunya. Haƙora biyu na ƙasa babu su, na kusa da su ina taɓawa suna rawa. Ashe tun lokacin haƙar citta bakin ke jini, manya suna gona, ita kuma tana bin maganar kakarta.

Washegari ni da Mama muka kai ta asibiti a Kafanchan. Likita ya ce ciwon dasashi ne, ya ci har ƙashi. Sauran za a ceto su, amma biyun nan sun tafi ke nan. Mama ta zauna a benci ta ɗora hannu a ka.

A mota yarinyar ta raɗa mini, "Anti, ban bari ya gani ba fa. Yaushe za su fito?"



Yanzu budurwa ce, amma in za ta yi dariya, hannu ke riga ta zuwa baki. Daga nan na koyi cewa in yaro mai surutu ya yi shiru, a duba bakinsa. Duk ɗalibin da ya toshe baki a ajina sai ya buɗe mini, ƙadangare ya kalla in ya ga dama.