Hannun Baba da Wayar Fulogi

Injin kwalekwalen Baba ya girme ni. Daga Yawuri ya zo da shi, tun yana saurayi mai zuwa kamun kifi, kuma da shi yake ƙetarar da mutane da buhunan masara a madatsar ruwan da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Daudawa. Fentinsa ya goge, sunan da ke jikinsa ma ba ya karantuwa. Ba bakaniken da ya taɓa sa masa hannu sai Baba.

Shekarar da nake magana, ina koyarwa a Ƙanƙara, na zo gida hutu bayan girbi. Na tarar injin jingine a gindin mangwaro, sati biyu ya ƙi tashi.

"Gara da ka zo," in ji Baba. "Kai ka ja igiya, ni in duba. Kafaɗar nan tawa ta yi nauyi kwana biyu."

Fetur yana shiga injin, mun tabbatar. Saura wuta. Baba yana da hanyarsa ta gwada wuta, domin a hasken rana ba a ganin tartsatsin fulogi. Sai ya cire wayar fulogin, ya riƙe bakinta da yatsun hagu, a ja igiya. In akwai wuta za ta fizge shi, ya yi dariya ya yarfe hannu. Ya riƙe, na ja. Shiru.

Muka kwance faifan ƙarfen da ke sama. Kontak ɗin da ke ƙarƙashinsa, ɗan ƙarfen da ke sakin wuta, ya yi tsatsa, ya yi kore. Na goge shi da samfefa, Baba yana tsaye a kaina yana cewa in bi a hankali, ba kaifin gatari nake yi ba. Muka mayar. Ya riƙe waya, na ja har sau biyar.

"Babu," ya ce. "Kwayil ne ya mutu."

Kwana uku ina neman kwayil irin na da, wato naɗin wayar da ke ba fulogi wuta. Na je Faskari, aka tura ni Funtuwa, can wani tsoho mai gyaran injin ban-ruwa ya tono mini ɗaya daga ƙasan akwati. Na dawo da murna, muka ɗaura. Baba ya riƙe waya, na ja.

"Wanga ma matacce ne suka ba ka."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, kawo in ji da kaina."

Ya miƙo mini wayar, ya kama igiya da dama, ya ja da ƙyar. Wutar da ta buge ni har cikin haƙorana na ji ta. Na yi tsalle na saki.

Na tsaya ina kallon sa, yana kallo na.

"Mi ya faru?" in ji shi.

"Akwai wuta, Baba."

Ya ɗaga hannunsa na hagu ya duba, ya juya shi, kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. Ya sa farcen dama ya mintsini bayan hannun har wurin ya yi fari. Daga nan ya zauna a kan turmin da ke gefe.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Kofin shayi ya faɗi mini ranar Juma'a. Na ce santsi ne." Sannan ya ce, "Kada ka gaya ma innarka tukuna. Mayar da wayar."

Na mayar. Muka sa ƙafar injin cikin durom na ruwa. Ja biyu ya tashi, hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse. Wataƙila tun ranar da na goge kontak ya gyaru. Inna ta fito daga madafa tana cewa barka, barka. Baba ya yi mata murmushi, a lokacin na lura gefen bakinsa ɗaya bai ɗaga ba.

Washegari na kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya fara taɓa ɓarin jikinsa, da an zo da wuri da ya fi. Na tuna kwana ukun da na yi ina yawo a tasha da tsohon kwayil a aljihu.

Ya yi wata huɗu a kwance. Maganarsa ta sarƙe, Inna kaɗai ke gane ta. Wata rana da la'asar ya yi ta nuna ƙofa, ta ce so yake a kai shi bakin ruwa. Ni da ƙanensa muka ɗora shi a amalanke, muka shimfiɗa masa tabarma inda mata ke wanki. Masu ƙetarewa suka riƙa zuwa suna durƙusawa suna gaishe shi, yana bin kowa da ido. Da za mu tafi ya riƙe ciyawar wurin da hannunsa mai lafiya, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya rasu kafin ruwan farko. Ni na zuba ruwa, ƙanensa ya yi masa wanka.