Ƙodar Inna da Ɗan Tsohuwa

Ina aji biyu na babbar sakandare a Talata Mafara ƙafafun Yaya suka fara kumbura. Ni nake wanke takalman gida ranar Asabar, sai na lura ya daina sa nasa, ya koma jan silifas ɗin Baba. A lokacin yana noman albasa a Bakolori, kowa ya ɗauka tsayuwa cikin ruwa ce. Da kumburin ya hau fuska aka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu babban asibitin birni, suka ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza. Aka fara wankin ƙoda. Bayan wasu watanni likita ya ce jikinsa ba ya karɓar wankin yadda ake so. Dashe ne mafita, kuma sai an samu wani cikin dangi da zai ba shi ƙoda ɗaya.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Inna 'yar Janbako ce, gidansu Fulani ne da suka zauna noma, kuma kunyar ɗan fari a wajensu ba wasa ba ce. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Tun da aka yaye shi Kaka, mahaifiyarta, ta ɗauke shi zuwa Maradun, sai da zai shiga sakandare ya dawo gida. Saboda haka Inna take ce masa ɗan tsohuwa. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Da likita ya hana shi gishiri, sai ta fara ɗora ƙaramar tukunya daban, ta ce ita ce gishiri ya isa. Ni nake kai masa kwanon, kuma ban taɓa ganin ta ci daga tukunyar ba.

Aka shiga gwajin masu bayarwa. Baba ne ya fara, aka same shi da hawan jinin da bai san yana da shi ba. Ƙanensa ya zo daga Bakura da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, rukunin jininsa bai dace ba, ya fito yana cewa shi dama tun suna yara Baba bai taɓa yarda da komai nasa ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, suga ta hana ta. Ni kuwa shekaruna ba su kai ba. Babu wanda ya lissafa da Inna, domin babu wanda ya san ta bakin da zai tambaye ta.

Wata safiya muka fito muka tarar da ita zaune a bayan mota, da hijabi da kwandon abinci a cinya.

Baba ya ce, "Ina zuwa?"

Ta ce, "Kwano zan riƙa muku."

A asibiti, da aka kai Yaya ɗakin wanki, ta bi layin ɗibar jini ta miƙa hannu tana kallon taga. Rukunin jininta da na Yaya ɗaya.

Hutun makaranta ne, don haka ni na riƙa raka ta. Aka auna fitsari na yini da kwana a cikin jarka. Aka shafa mata wani mai mai sanyi a ciki aka ɗauki hoton ƙodojin. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, ta runtse ido har aka gama. Aka haɗa jininta da na Yaya a ga ko za su yi faɗa, ba su yi ba. Duk tambayar da aka yi mata game da jikinta ta amsa tiryan-tiryan, har haihuwa nawa da ɓari nawa.

Saura abu ɗaya. Akwai wata ma'aikaciya, babbar mace mai tabarau, aikinta ta zauna da mai bayarwa su biyu kawai, ta tabbatar ba a tilasta masa ba, ba a kuma saye shi ba. Sai ta amince ake sa ranar dashen. Inna ta shiga, ba ta daɗe ba ta fito. Matar ta kira Baba ta ce ba ta gamsu ba tukuna, mu koma gida a yi tunani.

A mota Gwaggo ta tsare Inna.

"Ke dai hwaɗi, mi tat tambaye ki?"

"Ta ce mi yaron yake gare ni."

"Kinka ce mi?"

"Na ce ɗan tsohuwa na."

Gwaggo ta tafa hannu. "Inna lillahi! Wace tsohuwa matar nan tas sani? Sannan fa?"

"Ta ce in hwaɗi sunanai." Inna ta gyara kwandon. "Sannan ta ce ko ina son in ba shi. Na ce Malam yac ce in zo."

Baba ya waigo daga gaba. "Ni? Yaushe?"

Yaya yana jingine da ƙofa, idonsa a rufe, amma na ga yatsansa yana murza bakin rigarsa.

Washegari Baba ya koma shi kaɗai don ya yi wa matar bayani. Ya dawo ya ce ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce ta san kunyar ɗan fari, ita ma tana da nata ɗan farin. Sai dai macen da aka tilasta wa ma haka take amsawa, da sunkuyar da kai da "an ce in zo". Ba ta da hanyar bambance su sai Inna ta faɗa da bakinta.

A makon nan Yaya ya dawo daga wanki yana amai, ko kunu bai zauna masa ba. Ranar Juma'a Baba ya sa aka ɗauko Kaka daga Maradun. Ta shigo da sanda, aka yi doguwar gaisuwa, gida da gajiya da ruwa da masu jiki. Ta leƙa ɗakin Yaya ta ce, "Kai, mijin banza, kwance nit tarad da kai? To na sake miji." Ya yi dariya a karo na farko cikin kwanaki. Daga nan ta zauna a tabarma kusa da Inna. Ina gefe ina tsince shinkafa.

"An ce kin kai kunya asibiti."

"Ke kinka koya man."

"Ni nik koya maki, gaskiya ta. Ranar suna nic ce ki rufe kai, da gaban surukai. Na taɓa ce maki gaban mai tabarau? Da tawa ƙodar tana da sauran amfani da tuni na ba mijina, in hwaɗi sunanai har a ji Bakura."

Inna ta ce, "Bakin na ba ya buɗewa."

"To ki bari ya ƙare a kwance, kowa ya yaba da tarbiyyarki."

Kaka ta jawo tiren gabana ta ce ban iya tsinta ba.

Ranar da muka koma, aka bar ni a benci da kwandon, daidai ƙarƙashin tagar ofishin. Gilashi ɗaya na tagar ya fita, an toshe da kwali. Na so in tashi, amma benci ya cika, na ji nauyin in ratsa mutane. Na ji matar ta gaishe da Inna, ta tambaye ta hanya, sannan ta ce, "Mene ne shi a wajenki?"

Sai na ji muryar Inna.

"Ni nih haihe shi."

"Wa ya ce ki zo?"

"Ba kowa. Ni nis shiga mota."

"Kin san za a yanka ki, kuma za ki zauna da ƙoda ɗaya? In kin ce a'a, ba wanda zai ji daga bakina. Sai in ce gwaji ne bai yi ba."

"Na sani. Ina so." Muryarta ta ɗan ɗaga, irin wadda take kiran awaki da ita. "Ki rubuta ina so."

Matar ba ta sake neman sunan ba.

Inna ta fito ta karɓi kwandon daga hannuna, ta ce na bar murfin kwano a karkace. Matar ta kira Baba ta ce ta amince, likitoci za su sa rana bayan sun sake duba zuciyar Yaya. Baba ya yi hamdala, ya shiga neman waya a aljihun da ba ta ciki.

Muka je ɗakin wanki. Yaya yana kwance, robobi biyu sun fita daga hannunsa zuwa na'ura, jini yana zagayawa. Inna ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, ta tura ni ciki da ruwan zafi. Ya dube ni, ya yi ƙasa da murya.

"An yarda?"

Na ce an yarda.

Ya ɗan jima yana kallon silin. Sannan ya ce in gaya wa Inna ta samu wuri ta zauna, wankin da saura.