Tsakuwar Kawu a Ƙwarya

Jikata Hindatu ta rufe kwamfuta, ta ce ta haƙura da karatun. An ba ta aikin rubuta umarnin da zai raba 126 zuwa 1, 2 da 6, kwana uku ta kasa.

Nan na tuna marigayi kawuna a gonarsa ta Baure, shekarar da na dawo daga Sudan da kalkuleta a aljihu. Ƙanshin sabon gero ya cika wurin, ƙaiƙayi yana cin wuyana. Duk dami goma da aka jera, sai ya jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Ya ce, "Mai da injinka aljihu, ɗan nan. Ragowa ake fara dubawa."

Na ɗebo tsakuwa na ce wa Hindatu, "Amarya, ga dami 126, cire goma-goma. Nawa suka rage?"

"Shida. Tsakuwa kuma sha biyu."

"Su ma cire goma."

"Saura biyu, sai goma ɗaya da na cire. Tsoho, ashe ta baya lambobin suke fitowa: 6, 2, 1." Ta jawo kwamfutar ta buɗe.

Na zauna da masana lissafi har a Alkahira, ban ga mai natsuwar kawu ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya kai masa ladan wannan tsakuwa.