Sanƙo a Murfin Alƙalami

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ɗakin hotonsa ya san dalilin da ya sa ake kiransa Ɗaga-haɓa, domin da wannan umarni yake tarbar kowa, yaro ko dattijo. Tun yana saurayi fuskoki yake ɗauka, kuma ƙa'idarsa ba ta sauyawa: fitila a dama, fitila a hagu, mutum a tsakiya.

Da wayoyi suka yawaita, kujerar ta fara wuni babu kowa. Ana nan sai ƙanin matarsa, mai sayar da alƙaluma, ya kawo wasu masu murfin ƙarfe, yana son hotunan da zai nuna wa masu saye.

"Yaya, in ba za ka iya ba ka faɗa. Wayata na nan."

Wannan magana ta fi mari zafi. Idan waya ta yi abin da ya gagare shi, da wane baki zai ƙara kiran kansa mai sana'a?

Ya tsayar da alƙalami ɗaya kamar mai neman fasfo, ya haska shi dama da hagu, saura ƙiris ya ce masa ya ɗaga haɓa. Da hoton ya fito, murfin ya zama madubi: ga fitilu biyu, ga sanƙonsa a tsakani yana walƙiya.

Ƙanin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, alƙalami nake sayarwa, ba ƙwarya ba!"

"Ja'iri, ai ƙwaryar nan yayarka ta gani ta ce tana so."

Bai yi fushi ba, tunani ya yi, kuma a nan nake yaba masa. Fuska tana shan haske. Abu mai sheƙi kuwa ba ya sha, abin da ke gabansa yake mayarwa. Ashe ba alƙalamin za a gyara ba, abin da yake kallo za a gyara. Masu 'ya'ya su lura da wannan.

Ya kashe fitilun, ya kwantar da alƙalamin a karkace bisa baƙin ƙyalle kusa da taga. Ya aro farin zanen gado wurin matarsa, ya rataya, ya huda shi daidai idon kyamara, ya ɓuya a baya. Sai farin layi guda ya kwanta tsaf a jikin murfin, ba fitila, ba sanƙo.

Ƙanin ya daɗe yana kallo, ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce gobe zai kawo sauran. Matar kuwa, da ta ga hujin, ta kulle akwatin zannuwanta.