Dokin Bappa Ya Ci Ful

Bappana, ƙanin babanmu, yana da doki a Bagadaza, wani ramamme da za ka hango haƙarƙarinsa daga tsallaken titi. Kowa ya san abincin doki: dawa, dusa, harawa, ɗan kanwa. Amma Bappa ya yi zaman Jidda, ya dawo da buhun wani wake mai faɗi kamar babban yatsa, wai shi ful. Mutanen gida suka ɗanɗana sau ɗaya, suka ce sun gode. Ana nan sai ya gani a waya wai Turawa na ba dawakinsu irin waken nan, yana gina jiki.

Ga bikina ya matso, kuma dokin nan zan hau ranar. Na riga na cika wa dangin amarya baki a Jekadafari, na ce ingarma ne.

Ashe Turawan barza shi suke yi, su zuba kaɗan-kaɗan cikin sauran abinci. Bappa bai kai nan ba data ta ƙare. Sai ya dafa shi irin na Jidda, da mai da albasa, a tukunyar Goggo, matarsa.

"Alhaji, in haɗa masa shayi da burodi?" in ji Goggo.

"Ke ba ki san kimiyya ba."

"Na dai san tukunyata."

Doki ya shinshina ya kau da kai. Bappa ya janye harawa, wai yunwa za ta koya masa wayewa. Ana gobe biki kuwa doki ya share daro guda.

Da safe cikin doki ya yi kamar tankin ruwa.

"Ka ga ƙiba ko, ɗana?"

Na ce, "Bappa, ƙibar nan wuri ɗaya ta tsaya."

Haka na hau, abokai na biye da mu a babura. Duk taku sai doki ya saki iska, tun ina ɗora wa salansar babura laifi har masu baburan suka dawo gabanmu gaba ɗaya. Muna isa ƙofar gidan su amarya, mata na guɗa, ya durƙusa ya kwanta, ni ina kai da babbar riga.

Kakar amarya ta ƙare mana kallo. "Ku ɗaga min mijin nan nawa. Dokin kuma a kira masa ungozoma."

Likitan dabbobi ya zo ya yi abin da zai yi, doki ya miƙe. Ni kuwa har yau in na je gaida surukai, kafin a tambayi matata sai an ce, "Ya mai jego?"