Sandar Kaka Bukar da mutumin nan mai haki

Yau shekara huɗu cif da rasuwar kakana, Kaka Bukar, Allah ya jiƙansa. Har yanzu ban yafe masa ba, da ya tafi ya bar ni da Kawu Sale da wayarsa.

Kaka manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Ya kafa wata sanda a bakin kogi, ya yi mata tsaga uku. Ruwa a tsaga ta farko, a sha fura. Ta biyu, a wasa lauje. Ta uku, a kwashe yara. Duk wanda ya kawo masa labari kuwa, tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya gani, kuma ina sunansa?" Ni kaina, jikarsa, in na ce an yabe ni a makaranta, sai ya ce, "Amarya, kawo shaidu biyu."

Bara, saura mako biyu shinkafarmu ta nuna, wata murya ta faɗo wayar Kawu Sale, ƙanen babana. Mutum ne ba suna, ba gari, yana haki kamar kare ya biyo shi: wai dam ya fashe, ruwa zai iso kafin la'asar, a tura wa mutum goma. Kawu ya tura wa dubu, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wannan Kawun fa, shi ne in masana yanayi suka yi bayani a rediyo yake tsaki, wai 'yan boko masu karatun gajimare. Mai suna da ofis maƙaryaci ne, mai haki shi ne abin yarda!

Sai ga shi da lauje. "Yaya, a yanke ta ɗanya! Da babu gara ba daɗi." Baba ya shiga neman nasa laujen. Abincinmu na shekara ke nan.

Na ce, "Kawu, wa ya gani, kuma ina sunansa?"

"Ke, rufe mini baki! Waya ce ta faɗa."

Na nace wa Baba har muka je bakin kogi. Ruwa ko tsaga ta farko bai taɓa ba, wani kwaɗo ma na shan hantsi a gindin sandar. Gani ya kori ji. Baba ya rataye laujensa. Kawu kuwa ya yanke tasa shinkafar, ya tara ƙaiƙayin da ko kaji sun raina.

Da Kaka na nan, na san ba zai yi faɗa ba. Kallon wayar zai yi, ya ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, ya ci gaba da cin goronsa.

Bai bar mana gidan sama ba. Sanda ya bari, da tambaya ɗaya, kuma su suka ciyar da mu bana. Shekaranjiya Kawu ya aiko wai tuwon shinkafa yake marmari. Na zuba masa malmala uku, amma sai da na aika masa cewa ya kawo shaidu biyu.